Shaf mai rami ko cikakke? Amsoshin tambayoyin masu walda, bakanikai da masu injin niƙa

Tambayoyin nan daga bakin masu haɗa injuna suka fito, da masu walda da yaran shago a nan Jos, tun daga Dilimi zuwa Farin Gada har Bukuru. Kusan duk abu ɗaya suke kewayawa: shaf, wato ƙarfen da ke juyawa ya ɗauki fuli ko ganga, gara ya zama cikakke ko mai rami a tsakiya? Duk inda aka kwatanta biyu a ƙasa, ana nufin ƙarfe iri ɗaya ne, tsawo ɗaya.

Oga, a taƙaice dai, wanne ya fi ƙarfi?

Sai ka fara gaya mini abin da ka daidaita. In kaurinsu na waje ɗaya ne, cikakke ya fi ƙarfi, ko da yaushe, babu ja. Rarake ƙarfe bai taɓa ƙara masa ƙarfi ba. Amma in nauyinsu ne ɗaya, mai rami ya fi, kuma da tazara mai yawa, domin ƙarfen da aka kwashe daga tsakiya an mayar da shi can gefe inda ake ainihin aikin. Gardamar da ake yi a bakin gareji ba ta ƙarewa ne saboda wannan yana maganar kauri, wancan yana maganar nauyi, kowa kuma da gaskiyarsa.

Ta yaya tsakiyar ƙarfe za ta zama ba ta aiki? Ai ƙarfe ne shi ma.

Ɗauki alli ka ja layi madaidaici a fuskar shaf, daga tsakiya zuwa baki. In aka murɗa shaf ɗin, ƙarshen layin na waje shi ne zai fi gusawa, tsakiyar layin ta gusa rabin haka, ɗigon da ke cibiya kuwa yana nan inda yake. Yadda wuri ya gusa, haka yake shan wahala. Saboda haka fatar shaf ce take ɗaukar wahala mafi girma, cibiya kuma ba ta ɗaukar komai.

Akwai dalili na biyu da yake ninka na farko. Duk bakanike ya san in notin taya ya ƙi kwancewa, sai a zura bututu a hannun sifana a ƙara masa tsawo. Ƙarfin mutum bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga noti ne ya ƙaru. Haka ƙarfen da ke gefen shaf yake: dogon hannu gare shi, na kusa da cibiya kuwa gajere. Ga kuma yawa, domin zoben waje ya fi na ciki faɗi. Waɗannan abubuwa in sun haɗu, turjiyar shaf ga murɗi tana tafiya ne da kaurinsa in an ninka shi da kansa har sau 4. Injiniyoyi suna rubuta shi D⁴ − d⁴, inda D yake kaurin waje, d kuma faɗin rami. Nauyi kuwa D² − d² yake bi. Duk maganar nan a tsakanin 4 ɗin nan da 2 take.

To a ba mu lissafi. In na huda shaf, nawa na rage, nawa na rasa?

Mu ɗauki cikakken shaf mai kaurin milimita 50. Kowace mita ɗaya tasa tana da nauyin kilo 15.4. In aka yi masa rami na milimita 25, wato rabin kaurinsa, nauyi zai sauka da kashi 25 cikin 100, ya koma kilo 11.6, amma ƙarfin murɗin da zai iya ɗauka kashi 6 da ɗan ɗoriya kawai zai ragu. In ramin ya kai milimita 30, ka zubar da kashi 36 na nauyi, ka rasa kashi 13 na ƙarfi. Ya kai 40, nauyi ya ragu da kashi 64, ƙarfi da kashi 41. Ya kai 45 kuwa, bango ya rage milimita 2.5 kacal, kuma kusan kashi 66 na ƙarfin ya tafi.

Lura da yadda abin yake tafiya. Da farko riba ce kusan kyauta, daga baya kowace milimita da ka ƙara wa rami tsada take yi. Shi ya sa a injunan da ake ɗaura wa fuli da boris, ni ban cika son rami ya wuce rabin kauri ko kashi 60 nasa ba.

In kuma nauyinsu ɗaya ne fa?

Ga misalin da na fi so, domin lissafinsa ya faɗa daidai. Cikakken shaf na milimita 40, da mai rami wanda wajensa 50 ne cikinsa 30, nauyinsu ɗaya ne: kilo 9.9 a kowace mita. Ka ɗora su a sikeli ba za ka ga bambanci ba. Amma mai ramin zai ɗauki murɗi fiye da cikakken da kashi 70 cikin 100 kafin ya sallama, kuma in an ɗora musu aiki ɗaya, murɗuwar da zai yi ba ta kai rabin ta cikakken ba. Ƙarfe ɗaya, kilo ɗaya, wurin da aka ajiye shi ne kawai ya bambanta.

Sai dai ba a nan kuɗi yake tsayawa ba. Shaf na 40 boris 6208 yake shiga, ko gidan boris P208. Na 50 kuwa sai 6210 ko P210, waɗanda suka fi tsada da nauyi, haka ma ramin fuli da komai da zai hau kansa. Ribar da ka samu a shaf tana iya komawa ta wajen boris.

Wannan a murɗi ne kawai, ko har da lanƙwasa?

Har da lanƙwasa, kuma lissafin bai canza ba. In bel ya ja fulin da ke ƙarshen shaf ƙasa, saman shaf yana miƙewa, ƙasansa yana matsewa, tsakiya tana zaune. Inda rami ba ya ba da wata riba shi ne ja kai tsaye, kamar sandar da ke riƙe da kaya a rataye: nan yawan ƙarfen da ke jiki kawai ake dubawa. A dannawa kuma, in sanda doguwa ce siririya, bututu ya fi, domin ba ya saurin gocewa gefe.

Me ya sa furofelar mota bututu ce, alhali shaf ɗin da ke cikin aksul na baya cikakke ne?

Tambaya ce mai kyau, domin mota ɗaya ce ta nuna amsoshin biyu. Furofela doguwa ce, kuma tana gudu sosai: a giyar da take kai tsaye, yadda inji yake juyawa haka take juyawa. Kowane dogon shaf yana da wani gudu da in ya kai shi zai fara lilo a tsakiya yana kaɗawa, har ya tsinke kuros, wato mahaɗin da ke ƙarshen furofela, ko ya fasa ƙasan mota. Cikakken ƙarfe na milimita 40 mai tsawon mita 1.5, in boris biyu ne suke riƙe da shi a ƙarshensa, zai shiga wannan hali a wajen juyi 2,150 a minti. Bututu mai tsawon nan, kaurin waje 75, bango milimita 2, sai ya kai wajen juyi 5,500. Nauyinsa kilo 3.6 ne a mita maimakon 9.9, kuma duk da haka ya fi cikakken ɗaukar murɗi da kusan kashi 30. Tsawo ne babban abokin gaba a nan: ka ninka tsawo sau 2, gudun da lilo zai fara ya koma kashi ɗaya cikin 4. Dalilin da ya sa manyan motoci masu dogon jiki suke raba furofela gida biyu ke nan, su sa boris a tsakiya.

Shaf na aksul kuwa gajere ne, gudunsa bai wuce na taya ba, murɗin da yake ɗauka ya ninka na furofela sau da yawa, kuma dole ya ratsa ta cikin boris da gidan aksul inda babu fili. In wuri ya matse, aiki ya yi nauyi, cikakke ake sawa.

Wani abu ga masu walda: in an kawo maka furofela a rage mata tsawo, yanka da liƙawa kaɗai ba su gama aikin ba. Ƙananan faranta da ka gani a liƙe a jikinta na daidaita nauyi ne. In ta tashi daga hannunka a karkace ko da kaɗan, direba zai ji kujera tana rawa tun bai fita gari ba.

Malam, ina haɗa injin niƙan masara. Wanne zan sa?

Cikakke. Na san bayan duk lissafin da ya gabata wani zai yi mamaki, amma injin niƙa a ƙasa yake zaune, an ɗaure shi a kan siminti, babu mai ɗaukarsa ya yi tafiya da shi. Shaf ɗinsa da wuya ya kai mita ɗaya. Kilo 2 ko 3 da za ka rage ba za su amfane ka da komai ba, alhali kana bukatar nama a jikin ƙarfen: wurin yanka gurbin ki (ɗan guntun ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf), wurin zaren noti, wurin kafaɗar da boris zai jingina.

Dubi gurbin ki kawai. A shaf na milimita 40, ki mai faɗin milimita 12 da kaurin 8 ake sawa, zurfin gurbinsa a jikin shaf milimita 5. A na 50, ki mai 14 da 9, zurfi 5.5. In bangonka 10 ne, bayan yanka saura 4.5 a daidai wurin da ya fi ko'ina shan wahala. In bangon 3 ne kuwa, ka ɓula shi.

Girman kuma kada a yi shi da ido. Motar lantarki mai juya inji, ta kilowat 7.5, wadda ake kira doki 10, tana juyi kusan 1,440 a minti a wutarmu, murɗinta kimanin nyuton-mita 50 ne, kamar a rataya kilo 5 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. In ka rage gudu sau 4 da fuli, murɗi ya ninku sau 4, ya zama 200. Ga ƙarfe mai laushi mai gurbin ki, wannan yana bukatar milimita 30 saboda murɗi kaɗai. Sai ka haɗa da jan bel, da girgiza in dutse ya shiga cikin hatsi, ka ga gara 35 ko 40. Mutane da yawa suna zaton shaf mai gudu shi ne yake bukatar kauri. Akasin haka ne: mai tafiya a hankali shi ke ɗauke da murɗi mai yawa.

Tun da bututu yana da ƙarfi haka, zan iya sa bututun ruwa? Ya fi araha.

Kada ka yi. Wannan ita ce amsar da nake so kowane yaron shago ya riƙe, domin nan ne ake jin ciwo. Bututun ruwa faranti ne aka naɗe aka yi masa ɗinki a tsawonsa. An yi shi don ya riƙe ruwa, ba don a murɗa shi sau dubbai a awa ba. Ƙarfin bututu a murɗi ya dogara ne ga zoben jikinsa ya kasance a rufe. Ranar da ɗinkin ya buɗe, ba rabin ƙarfi ake rasawa ba. Bututun nan na milimita 75 mai bangon 2, in aka tsaga shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, turjiyarsa ga murɗi tana faɗuwa kusan sau 1,000. Kana iya gwadawa da kwalin da ake naɗe leda ko yadi a kai: murɗa shi lafiyayye, sannan ka tsaga shi da reza ka sake murɗawa.

Girman ma bai dace ba. Bututun da ake kira inci 1 da rabi kaurinsa na waje milimita 48.3 ne, na inci 2 kuma 60.3. Na farko zai yi lako-lako a boris na 50, sai ka ga an cusa gwangwani ko an ɗiga walda a cike giɓi, daga nan shaf ya tashi daga tsakiya. In kuma mai farin shafe ne, hayaƙin da yake fitarwa a walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. In dole sai mai rami, nemi bututu marar ɗinki mai kaurin bango.

Rodin gini ma haka. Irin wanda kamfanin mulmula ƙarfe na Jos da takwarorinsa na Katsina da Oshogbo aka kafa su don samarwa, aikinsa shi ne ya kwanta cikin kankare a ja shi. Bai miƙe yadda boris yake so ba, kuma kowane gindin zanen da ke jikinsa wuri ne da tsaga za ta iya farawa.

Gangar injin sussukar masara da rolar bel na wurin fasa dutse fa? Su ma cikakku?

A nan ne ake haɗa biyun, kuma shi ne aiki mai kyau. Jikin ganga bututu ne mai faɗi, ƙarshenta biyu kuma guntayen cikakken ƙarfe ne da za su shiga boris. Kowane guntu a ba shi faifai biyu a cikin bututun, da ɗan tazara tsakaninsu, kada a dogara da faifai ɗaya a baki, domin shi kaɗai zai riƙa lanƙwasuwa a kowane juyi har waldar ta tsage. A fara gama walda, a bar ta ta huce da kanta, sannan a ɗora duka a injin feƙe ƙarfe a gyara mazaunin boris biyun a ɗauri ɗaya. In ka feƙe kafin walda, zafi zai ja shi ya karkace. Kuma kada layin walda ya faɗo daidai kan kafaɗar da kauri yake canzawa.

In kai tsohon shaf ɗina a huda shi don ya yi sauƙi?

Yawanci kuɗin hudar ya fi amfaninta. Dogon rami yana gocewa daga tsakiya, bango ya yi kauri a wani gefe ya yi siriri a wani, shaf ya fara girgiza. Wani abin da mutane ba su sani ba: ƙaramar huda ta gefe, irin wadda ake yi don ƙusa ko giris, ta fi babban rami na tsakiya lahani, domin ita fata take yankewa.

In na sayi ƙarfe mai tsada kamar EN8 ko EN19, zai rage murɗuwa da lilo?

A'a. Zai ƙara yawan aikin da shaf zai ɗauka kafin ya lanƙwashe dindindin ko ya karye, amma yadda yake bayarwa a ƙarƙashin kaya kusan ɗaya ne a duk ire-iren baƙin ƙarfe. In matsalarka lilo ce ko sunkuyawa a tsakiya, ƙara kauri, ko rage tazarar boris, ko koma bututu mai faɗi. Ka kuma sani irin waɗannan ƙarafa ba sa son walda a sanyi. In ba a ɗumama su ba, gefen waldar yana tsagewa, balle da sanyin safiyar Jos a lokacin hunturu.

Ban da rage nauyi, ramin yana da wani amfani?

Sosai. Duk wanda ya tsaya ya kalli motar haƙa rijiyar burtsatse tana fama da dutsen Filato ya ga misali: sandunan da ake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya bututu ne, suna kai juyi ƙasa, iskar kwamfuresa kuma tana bi ta cikinsu ta kaɗa gudumar da ke ƙasa, ta kuma huro garin dutse waje. Shaf ɗin kan injin feƙe ƙarfe rami gare shi don doguwar sanda ta ratsa. A injin jirgin sama, wani shaf yana juyawa a cikin wani, kowanne da gudunsa. Jiragen ƙasa masu gudun gaske a Japan da Jamus suna amfani da aksul mai rami, wanda ban da sauƙin nauyi yake ba da damar zura na'ura a duba ko tsaga ta fara. Ba kuma sabon ilimi ba ne. Tun 1638 Galileo na ƙasar Italiya ya rubuta cewa sanda mai rami ta fi cikakkiya mai nauyinta ƙarfi, ya kafa hujja da ƙasusuwan tsuntsaye da karan tsiro.

Shaf ɗina ya karye, alhali ba wani aiki mai nauyi yake yi a lokacin ba. Kaurin ne ya yi kaɗan?

Kada ka jefar da guntayen. Goge fuskar karayar ka duba ta a rana. In ka ga wani ɓangare ya yi sumul, da layuka masu lanƙwasa suna bin juna daga gefe ɗaya, sannan sauran ya yi kaushi yana ƙyalli, to gajiya ce. Tsagar ta daɗe tana tafiya a hankali, ɓangaren mai kaushi shi ne ɗan abin da ya rage ya tsinke a ranar. Bi layukan zuwa inda suka faro, kusan kullum za ka tarar da kusurwar gurbin ki, ko kafaɗar da aka feƙe da kaifi ba a zagaye gindinta ba, ko ɗigon walda. Injiniyan Jamus August Wöhler ya yi shekaru yana gwada wannan a kan aksul na jiragen ƙasa a shekarun 1850 da 1860, ya nuna cewa ƙarfe yana karyewa da kayan da bai kai ƙarfinsa ba in ana ta maimaita masa. Shaf mai juyi 1,440 a minti, in bel yana jansa, yana lanƙwasuwa ya dawo sau 86,400 a awa ɗaya.

In kuwa karayar ta zagaya a karkace kamar allin da aka murɗa ya ɓalle, murɗi ne ya ci ƙarfe mai tauri da yawa. In ta yanke a miƙe, fuskar ta goge kamar an shafa, ƙarfe mai laushi ne aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. In injin mai tsada ne kuma karayar tana maimaituwa, Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa tana nan Jos a kan hanyar Zariya, binciken ƙarfe shi ne aikinta.

In zan sayi tsohon bututu ko shaf wajen 'yan gwangwan, me zan duba?

Tafi da ma'aunin kauri da ake kira baniya, kada ka yarda da ido. Auna kaurin bango a wurare 4 a kowane baki. In wani gefe ya fi wani, bar shi. Haska tocila ciki ka nemi layin ɗinki da tsatsa, domin bututun da ya sha daminar Jos a fili yana iya yin kyau a waje alhali ciki ya cinye. Mirgina shi a kan faranti ko siminti mai sumul ka ga ko yana ɗingishi. Kada ka karɓi mai loɓawa ko da kaɗan ce, nan zai fara naɗewa. Goga masa zarto a baki: in zarto ya kama, za a iya feƙe shi, in yana zamewa an riga an taurara shi. Taɓa shi da dutsen giranda ka kalli tartsatsi, dogaye marasa rassa alamar ƙarfe mai laushi ne, masu fashewa da rassa da yawa kuma ƙarfe ne mai tauri da zai bukaci ɗumi kafin walda. In tsohon shaf na aksul ne, yanke ɓangaren haƙoran da duk inda boris ya ci, ka yi aiki da tsakiyar.